Kai ka ƙoshi bakin titi, gida ana jiran awo

Jiya bayan isha'i ina zaune shagon wani abokina nan Birnin Kebbi sai ga wani yaro da na sani, ango ne, aurensa bai kai shekara biyu ba, ya shigo yana sosa ƙeya wai a ba shi rabin tiya na shinkafa da man ƙulli da magi sai wata ya ƙare. Wallahi da idona na gan shi wurin mai tsire kafin magariba shi da abokai uku, an baza takarda an zuba yaji ana ta shewa, shi ya biya ma. Mai shago ya buɗe littafin bashi, shafin yaron ya cika har an juya baya.

Samari, ku ji tsoron Allah. Wanga hali na cika ciki a waje a bar iyali da sauran canji shi ne abin da ke ƙona min rai, kuma ya zama ruwan dare. Da safe ka aje wa matarka abin da bai sayen tumatir da attarugu, ka ce a yi maneji, ka fita ka zauna teburin mai shayi a soya ma indomi biyu da ƙwai uku a haɗa ma shayi mai kauri. Da rana shinkafa da kaza a roba. Da dare tsire ko balangu da lemun kwalba. Ka shigo gida kana gyatsa, ka buɗe kwano ka ce miya ba ta yi daɗi ba. Da mi za ta yi daɗi? Da addu'a? Kuɗin da ka kashe kai kaɗai a yini ɗaya, in da wake da garin masara ka saya, gidanka kwana biyu ba a nemi komai ba. Kowa ya ci shi kaɗai shi kaɗai zai mutu, haka magabata sunka ce.

Na sani rayuwa ta yi tsada, ba wanda bai ji a jikinsa ba. Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin mota ya shiga cikin kowane buhu. Ko mafi ƙarancin albashi na dubu 75 da jiha ta sa hannu a 2024, wanda ke da mata da yara ya san inda yake tsayawa. To amma in kiɗa ya sauya ai rawa ma sauyawa take. Kai naka kiɗan ya sauya, bakinka bai sauya ba. Alat na shigowa sati na farko kai ne Alhaji, sati na biyu ka fara kashe waya, na uku kana zagayawa ta bayan layi don kar mai shago ya gan ka. Ga masu zuba sauran a cacar ƙwallo suna jiran tikiti ya ci, waɗannan kam sai addu'a, da masu sayen data kullum don kallon rawa a TikTok alhali ba gishiri a gida.

Abin haushin ma a Kebbi muke. Jihar da ake loda shinkafa daga Argungu da Suru ana kai wa Legas, albasar Aliero na tafiya har kudu, kifi na fitowa Yauri, kasuwar Jega na nan kusa. Amma yaro ya ce shi bai cin shinkafar gida wai tana da tsakuwa, sai 'yar waje, shi da ko buhun gero bai taɓa ajewa ba. Lokacin kaka gero da dawa da wake ke sauka, sannan mai hankali ke sayen abin da ya samu ko tiya goma ce, wake a zuba jarka a toshe bakin da kyau ƙwari ba su taɓa shi. Tumatir in ya yi araha da sanyi a yanka a shanya, kuɓewa haka, albasa haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuwa sai damina ta yi tsakiya, hatsi ya yi wuta, sannan ake ganinku da leda ana ƙulle-ƙullen awo, kuma sayen ƙulli shi ya fi komai cin kuɗi, kowa ya sani.

Kuma wai yanzu tuwon dawa miyar kuka abin kunya ne. Ɗumame da safe ƙauyanci ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ɗanwake, fate, dambu, hoce, duk an raina su, abincin da ya raini iyayenmu har sunka yi noma da hannu sunka ciyar da gida mai mutum ashirin. Ku ma 'yan uwa mata ba a bar ku baya ba, wata in ba a sa magi biyar a tukunya ba ba ta iya miya, daddawa kuwa wai wari. Amma yau ba da ku nike ba, don ita mace abin da anka kawo mata shi za ta dafa.

Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyansa. Ba ni na faɗa ba. Ka zauna da matarka farkon wata ku san mi za a ci, a fara da hatsi da mai kafin komai, saura ya biyo baya. In tsiren kake so ka sayo ka kawo gida kowa ya samu yanka.

Da muna yara, mahaifinmu bai taɓa cin abinci kasuwa ba sai in tafiya ta kama shi. A zaure ake aje akushi, shi da mu da almajiri da duk baƙon da Allah ya kawo, kuma ba ya sa hannu sai ya tambaya ko cikin gida sun samu. Rumbu na bayan ɗaki, ba a buɗe sabon hatsi sai tsohon ya ƙare. Dattijo ya gan ka tsaye bakin hanya kana tauna, kafin ka iso gida labari ya riga ka. Yanzu dattijon ma yana bencin mai shayi, shi da ɗan cikinsa, kowa na jiran a juye mai tashi indomin.