Ba jama'a ke zaɓen Firaministan Birtaniya kai tsaye ba

Da yawa suna ɗauka ana zaɓen Firaministan Birtaniya kamar yadda ake zaɓen shugaban ƙasa. Ba haka ba ne. Mai zaɓe zai ɗauki fensir ya ja alama gaban sunan wanda yake so ya wakilci mazaɓarsa a majalisa, ɗaya daga cikin mazaɓu 650. Jam'iyyar da ta samu rinjaye, shugabanta Sarki zai kira ya kafa gwamnati.

Shi ya sa rigimar cikin jam'iyya ke kayar da Firaminista. A 2022 'yan jam'iyyar Conservative mai mulki a lokacin suka matsa wa shugabansu, Firaminista Boris Johnson, ya sauka, Liz Truss ta hau, kwana 49 ta yi, Rishi Sunak ya gaje ta, duk ba tare da babban zaɓe ba. Takaicin da irin wannan ke jawo wa jama'a ne su Nigel Farage, ɗan siyasar da ya yi fice wajen fafutukar fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai, ke zuga wa wuta.