Tsofaffin gidajen kallo na Kano: a fara da ƙofa kafin fenti

In aka ce Wapa a Kano yau, wurin 'yan canji ake nufi. Matasa da yawa ba su san gidan silima ne ya bar wa unguwar sunan ba. Haka Plaza da Orion da El Dorado da Palace suka fi zama sunayen kwatance, alhali garin ya san silima tun 1937 da aka buɗe Rex. A Legas an gyara babban gidan wasannin ƙasa na Iganmu, wanda aka gina domin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, na 1977. Ya dace Kano ma ta dubi abin da ya rage mata, don mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo su daina rakuɓewa a ɗakunan biki. Sai dai gyaran tsohon gini yana da inda ake soma shi, kuma a nan muka saba yin kuskure.

A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Fim ɗin wancan zamani kamar fetur yake wajen kama wuta. Yanzu an daina amfani da shi, amma turereniya a bakin ƙofa tana nan yadda take.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙa'idar gini ta Ingila, ƙofa mai faɗin santimita 105 ta ishi mutum 220 ne kawai. In an haura haka, kowane mutum ɗaya sai a ware masa milimita 5. Ke nan zauren da zai ɗauki mutum 600 yana bukatar mafita mai faɗin mita 3 a jimlace, kuma ba a sa ƙofa mafi girma cikin lissafin, domin ana ƙaddara ita wuta za ta fara tarewa. Kowace ƙofa waje za ta riƙa buɗewa, da turi ɗaya. Abin da ke kashe mutane shi ne kwaɗo: mai gida ya garƙame ƙofofin gefe don hana masu satar shiga, ya bar ƙofar tikiti kaɗai, sannan a jere babura a bakinta. A ganina, duk gidan da aka kama da kwaɗo a ƙofar gefe ana tsakiyar wasa, a ƙwace lasisinsa a daren, ko gidan wane ne.

Sai wayoyin lantarki. An ja su ne domin injin haska fim ɗaya da 'yan fankoki. A ɗora musu fitilun dandamali da manyan lasifikoki da na'urar sanyaya ɗaki, sai su yi zafi a cikin bango inda ido ba ya kaiwa. Faci ba ya magani, sai dai a zare su gaba ɗaya, a raba layin sauti da na fitilu, in ba haka ba lasifika ta yi ta gurnani. Tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta kuma akwai 'yan daƙiƙoƙi na duhu, waɗanda sun isa su firgita taro, don haka fitilun nuna hanya dole su kasance masu batir da ke kunna kansu.

Yawancin silimun nan a buɗe aka bar samansu, shi ya sa a da sai dare ake kallo. Mai gyara zai yi saurin kafa kwano ya ce ya gama. Kwano tsirara kuwa yana mai da kiɗan kalangu hayaniya, ruwan Agusta in ya sauko a kansa ko mawaƙin ba ya jin bakinsa. Sai an yi silin mai kauri, an lulluɓe bangon baya da abin da ke shanye amo, an bar kafar fitar zafi a sama saboda bazara.

Masu kwangila ba sa son irin wannan aiki, don ba ya fitowa a hoton ranar yanke kyalle. Hukumar kashe gobara ta jiha ce ya kamata ta auna ƙofofi da awo a hannu, ta rubuta adadin mutanen da zauren zai ɗauka a allo a bakin shiga, kafin a sayar da tikiti ko ɗaya.