Bakano a Bakin Tekun Durban, Afirka ta Kudu

Bazazzagi: Alhaji, don Allah ka ɗaga kai daga wayar nan ka dubi ikon Ubangiji. Wannan shi ne tekun Indiya, wannan shimfiɗar yashi kuma da ta miƙe gaban otal-otal ita ce Golden Mile, kuma ruwan nan ko a lokacin sanyinsu ɗumi gare shi.

Bakano: Na gani, Malam, ruwa ne. Ana noman rani da shi?

Bazazzagi: Ruwan gishiri ne, Alhaji.

Bakano: To ka ji. Ruwan da ba a sha, ba a ban-ruwa da shi, bai taɓa fitar da kwandon tumatir ɗaya ba, shi ne ka ɗauko ni tun daga Kano in zo in gani, alhali madatsar Tiga tana can tana ciyar da Kura da Kadawa ba tare da ta yi wa kowa ruri ba.

Bazazzagi: Ko ƙafa ka tsoma mana. Akwai hukuma guda da aikinta shi ne kafa raga a cikin ruwa saboda kifin shak.

Bakano: Ba tsoro nake ji ba. Shaddar nan jiya aka karɓo ta daga wurin bugu.

Ya faɗi haka ne yana ja da baya taku bakwai, ko da yake igiyar ruwan da ta taso ba ta kai idon sawu ba. Ana cikin haka sai ga wani Bazule da ƙahoni a ka da ado na duwatsun wuya, yana jan keke mai ƙafa biyu.

Bazazzagi: Waɗannan masu jan keken sun fi shekara 100 suna wannan sana'a a garin nan, kuma baƙi ba sa komawa gida sai sun hau.

Bakano: A Daidaita Sahu ce injinta ya mutu, suka rasa bakanike, suka mayar da ita al'ada. Ka tambaye shi ko yana ɗaukar mutum huɗu a baya da ɗaya a gefensa, domin in ba haka ba asara yake yi.

A ƙofar uShaka, gidan kallon halittun ruwa da aka buɗe a 2004, Alhaji ya buga kuɗin shiga daga rand zuwa naira har sau uku, kowane bugu kuma sai ya ga adadin ya fi na baya, abin da a wannan zamani ba lallai ne a ɗora wa wayar laifinsa ba.

Bakano: Malam, ka ce wa yarinyar nan ta yi mana ragi, mu biyu ne, kuma daga nesa muke.

Bazazzagi: Ba a tayi a nan, Alhaji. Farashin a rubuce yake.

Bakano: Kowane farashi ɗan'adam ne ya rubuta shi. Idan mun biya, kifi nawa za a ba mu?

Bazazzagi: Kallo kawai ake yi ta bayan gilashi. An gina wurin ne da siffar tsohon jirgin ruwa da ya lalace, mutum yana tafiya a cikinsa, shak da kunkurun teku suna wucewa ta gabansa.

Bakano: Wato jirgin ma lalatacce ne, kifin kuma ba a soya ba, ba a ƙyafe ba, ba yaji, ba albasa, kuma ni zan biya. Wallahi na yarda akwai 'yan kasuwa a garin nan, sai dai ina da tabbacin a Kurmi kakansu ya yi yaron shago.

Duk da haka ya shiga, kuma sai da ma'aikata suka roƙe shi ya matsa daga gaban gilashin shak domin yaran makaranta su samu gani. Bayan sun yi Azahar a masallacin Juma da ke tsohon titin Grey, Malam ya kai shi cin abinci kusa da kasuwar kayan yaji ta Victoria.

Bazazzagi: Wannan shi ne bani-cau, burodi ne ake rarake cikinsa a cika da miyar kori da naman rago. Abincin Indiyawan garin ne, waɗanda aka fara kawo kakanninsu aikin rake a 1860.

Bakano: Gurasa ce ta yi ƙaura ta manta ƙuli-ƙuli. Ka ce a ƙaro ɗaya, ina so in tabbatar da rashin daɗinsa.

Da la'asar suka isa filin wasa na Moses Mabhida, wanda wata doguwar baka mai tsawon fiye da mita 100 ta ratsa ta samansa.

Bazazzagi: Daga ƙololuwar can ana hango gari da teku baki ɗaya.

Bakano: Wanda ya hau Dala ba ya buƙatar hawan ƙarfe.

Bazazzagi: A nan ne kuma muka yi 2-2 da Koriya ta Kudu a gasar duniya ta 2010, ranar da Yakubu Aiyegbeni ya zubar da ƙwallo raga tana buɗe.

Bakano: Bakano ne shi?

Bazazzagi: A'a.

Bakano: To ka gani.

Bazazzagi: A nan dai muka ci Mali 4-1 a gasar kofin Afirka ta 2013, har Ahmed Musa ya zura ɗaya.

Bakano: Yaronmu ne na Pillars, mu muka koya masa.

Bazazzagi: Ai a Jos aka haife shi, Alhaji. Kuma tun da ana maganar 'yan Pillars, Sani Kaita da ya karɓo mana jan kati a wasan Girka fa?

Bakano: Haba Malam, kai da kake ɗan boko ba ka duba taswira? Kaita ai a jihar Katsina take.