Kiran "kana ina?" da muke yi wa ɗan aike

Salamu alaikum ƴan uwana na Maraɗi da kewaye. Yau ba tallar man gyaɗa na zo yi ba, ba ta yaji ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini rai, kuma na ga in na bari wani azumin ya zagayo ban faɗe ta ba, to na ci amanar yaron da ya karye a kan aikina.

Waɗanda muke hulɗa da su sun san sana'ata. Daga gida nake yi, a unguwar Zariya: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, yajin daddawa, dakuwar aya in kaka ta yi. Na ɗora hoto a WhatsApp, mai so ta yi magana, ta turo kuɗinta ta Nita ko Amana, ni kuma in ɗaure kaya. Daga nan ƙafata ba ta taka ko zaure. Wanda ke mayar da abin sana'a shi ne ɗan kabu-kabun da zai ɗauki ƙullin nan ya ratsa gari da shi har Bagalam ko Ali Ɗan Tsoho, ko ya kai tashar bas ya shiga layi, a rubuta suna da lambar waya a jikin kwali, ya ɗauki hoton takardar ya turo mini. Mu mata masu sana'ar cikin gida, da yawanmu ba mu taɓa ganin fuskar rabin masu saye a wurinmu ba. Shi ne ya san ƙofofinsu.

Nawa yaron ya kai shekara uku yana mini aiki. Wata rana cikin azumin da ya faɗo a zafin watan Maris, bayan la'asar sakaliya, wata baiwar Allah ta ce tana son galan ɗaya na mai, kuma lalle kafin shan ruwa, don ƙosai za ta soya, ta yi baƙi. Na kira shi, ya ce: "Hajiya, ina can wajen Babbar Kasuwa, ina da saƙo biyu a hannu." Na ce masa ya daure. Ya zo ya ɗauka, leɓɓansa duk sun bushe sun yi fari, ya ɗaure galan a baya da roba ya tafi. Minti goma matar ta kira ni. Na kira shi: kana ina? Ya ce ga shi a hanya. Ta sake kira, ni ma na sake. A kira na uku ya ɗauka, na ji ya ce "Hajiya, kwanar...", sai ƙarar ƙarfe a kan kwalta, sai hayaniyar mutane, sai salati.

Hannu ɗaya yake tuƙi da shi, ɗayan yana riƙe da waya a kunne. Wani mai adaidaita ya yanko gabansa, ya kauce, tayar gaba ta hau yashin da ke kwance a gefen kwalta, babur ya zame da shi. Ƙashin kafaɗa ya karye, fatar ƙafa ta saluɓe tun daga gwiwa har idon sawu. Allah ya kiyaye kai. Da maigidana ya kai ni asibiti bayan isha'i, na same shi kwance, rigarsa jiƙe da man gyaɗata da ƙasa. Ko sannu ban gama yi masa ba ya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, man ya zube. Ki riƙa cirewa a kuɗin aikena kaɗan-kaɗan." Wallahi har yau in na tuna kalaman nan sai cikina ya juya. Yaro yana kwance da karaya, abin da ke gabansa galan ɗina ne.

Mutane sun yi ta zagin mai adaidaitar, kuma yana da laifinsa. Wasu suka ce ai ƴan kabu-kabu haka suke, gudu kamar an biyo su. Ni dai na san wanda ya biyo shi a ranar. Lambata ce a fuskar wayarsa.

Idan ana zancen haɗari a garin nan, direba ake tuhuma, ko ramukan hanya, ko hukuma. Ba a taɓa ambaton wanda ke zaune a inuwa, fanka tana kaɗa shi, yana danna kira. Alhali saurin da ke kayar da ɗan aike ba duka nasa ba ne. Mu muke ɗora masa shi, mai sayarwa da mai saye, tare da kayan.

Ku duba yadda ake biyansa. Ba albashi gare shi ba, kowane aike da kuɗinsa. In ya kai goma a wuni ya ci na goma, in ya kai biyar ya ci na biyar. Yawancinsu kuma babur ɗin ba nasu ba ne, akwai abin da za su kai wa mai shi kowace yamma, an yi ciniki ko ba a yi ba. Sannan ga mai. A da kwalbar ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man Najeriya a bakin hanya, ce ke rufa musu asiri, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan arahar ta tafi. A gidan mai an sauko da lita zuwa sefa 499 a 2024, an ji daɗi, sai kuma ga ƙarancin da aka yi a watan Maris na 2025, lokacin da yaran nan ke share rabin wuni a layi kafin su sami abin da za su zuba. Duk wannan hawa da sauka da aka yi, kuɗin aike yana nan inda yake. Macen da ta sayi kayan jika goma ba ta yi tayi ba, ita ce za ta tsaya a ƙofar gida tana ja-in-ja da yaro a kan dala ashirin. To wanda aka matse wa kuɗin aike, ta ina zai cike giɓin? Sai ya ƙara yawan aike. Yawan aike kuma gudu ne, babu wata dabara.

Sai maganar kwatance, wadda ita ce ta fi sa waya a kunnensu. Gidajenmu ba su da lambar da kowa ya sani. Kwatancenmu shi ne: ka wuce masallacin, ka bar famfo a hannun hagu, za ka ga mai cajin waya, to gida na uku mai jar ƙofa. Yaro ya isa ya tarar masallatai biyu ne a layin, ƙofar kuma an sake mata fenti tun bara. Dole ya kira, kuma ba zai tsaya ba, don tsayuwa asara ce a lissafinsa. Ga shi yawancinmu muna da babbar waya, muna iya tura wurin da muke ta WhatsApp cikin ƙiftawar ido. Wanda wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, a zauna a yi masa kwatance cikakke tun bai tayar da babur ba, a sa a tsayar da yaro a bakin layi ya tare shi. Wannan bai fi ƙarfin kowa ba.

Kowane lokaci na shekara kuma da irin tarkon da yake ɗana musu, kuma mu masu aike ba ma sauya komai a tsarinmu. Damina ta fi ba ni tsoro. Garinmu na yashi ne, ruwa ɗaya in ya sauka sai ya kwaso ƙasa ya shimfiɗa a kan kwalta, ya rufe rami, ya yanke layi ya mayar da shi kwazazzabo. Tsofaffi suna ba da labarin ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi garin daga kwarin Gulbi aka hau tudu, mu kuma idonmu ya ga ruwan ƙarshen watan Agustan 2024, da ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin garin nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kwana biyu bayan wannan ruwan, ana tsakiyar tonon kaya daga ƙarƙashin gini, akwai wadda ta yi mini magana tana tambayar dalilin da ya sa ƙuli-ƙulinta bai iso ba. Ban ga baƙinta sosai ba, don ni ma na sha ganin hadari ya haɗo gabas ya yi baƙi ƙirin in ce wa yaro: yi maza ka kai kafin ya sauko. Wato ya yi tsere da iska.

Da kaka hanya ta amalanke ce. Gero, wake, gyaɗa, aya, duk suna shigowa daga ƙauyuka, kuma amalanken shanu ba ta da fitila, ba ta da abin da ke walƙiya a baya. Wanda ya taɓa bin hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa bayan magariba ya san yadda take fitowa mutum daga cikin duhu kamar bango. Haka babbar motar da ta lalace a gefen hanya, an karyo ganye an jera a matsayin alama, ganyen da ba ka ganinsa sai ka hau kansa.

Hunturu nasa na asuba ne. Motocin Yamai tun kafin kiran salla suke tashi, don tafiyar ta haura kilomita 600, ta Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Mai hankali takan kai kayanta tasha tun jiya da rana. Amma sau nawa muke kwana muna ɗaurin kaya, mu tashi yaro cikin sanyin nan da hazo, ya naɗe fuska da rawani ido kaɗai a waje, hannu ya ƙage a kan birki, mu ce ya yi sauri kar mota ta tashi? Babbar salla kuwa ba sai na faɗa ba. Rago a kan cinya, rago a baya, sannan bayan kwana biyu bokitan soyayyen nama na ɗiyan da ke karatu Yamai da Damagaram, kowa na son nasa ya riga na kowa isa.

Direbobin ƙananan motocin Tasawa, Mayahi da Dakwaro da muke damƙa wa saƙo a hannu, su ma abin da muke musu ke nan. "Direba, don Allah yau ɗin nan ya kwana can." Mutumin da ya yi sawu biyu tun safe, idonsa ya yi ja, muna roƙonsa ya yi na uku cikin dare.

Ba na ce yaran nan ba su da nasu ba. Akwai mai shiga tsakanin manyan motoci don burga, akwai wanda ko gemu bai fara ba an ba shi babur, akwai wanda fitilarsa ta mutu wata guda bai gyara ba, akwai masu haɗiyar ƙwaya wai don kar su ji gajiya. Hular kwano kuwa, in ka yi magana su ce zafi. Na yarda akwai zafi, bazarar Maraɗi tana haura digiri 40. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma nahiyarmu ce abin ya fi yi wa ɓarna idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ta kuma ce hular kirki da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, tana nata faɗakarwar, ƴan sanda suna nasu. Sai dai ɗan sanda ba ya cikin ɗakina lokacin da nake danna kira na uku. Kuma ni da ke cin ribar ƙafar yaron nan shekara uku, ban taɓa tambayarsa ina hularsa ba sai da na gan shi a gadon asibiti.

Ya yi wajen wata biyu ba ya aiki. Mai babur ya karɓi abinsa ya ba wani tun a satin farko. Babu inshora, babu wata takarda tsakaninsa da kowa. Mu huɗu da yake yi wa aike muka riƙa haɗa abin cefane muna aika wa mahaifiyarsa, kuma ban ɗauki wannan a matsayin alheri ba, bashi ne. Ranar da na je gaishe ta, tsohuwar ta riƙe hannuna tana ta godiya, tana cewa: "Ɗiyata, Allah ya saka, ke ce uwar ɗakinsa." Na kasa gaya mata wanda yake magana da shi lokacin da ya faɗi. Sai daga baya na koma na faɗa mata. Ta yi shiru, ta ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, ni kuma ban ɗaure ba.

Ya dawo aiki yanzu, da hularsa. In sanyi ya shigo kafaɗar tana yi masa ciwo, sai ka ga yana ɗaga galan da hannun hagu. Ƴan uwana masu sana'a irin tawa, ku ajiye lamba 18 ta ƴan kwana-kwana a wayoyinku, ku kuma san lambar wani na gidan ɗan aikenku. A ranar nan ni ban san ko unguwarsu ba, sai da aka yi ta cigiya.

Ku kuma masu saye a wurina, ga yadda abin yake daga yanzu. Ba na ba kowa lambarsa. In ya tashi daga ƙofata ba na kiransa, shi zai kira in ya tsaya. Kayan tasha ana kai su da rana, ba da asuba ba. In hadari ya haɗo, saƙo zai jira. Cikin azumi, duk abin da aka saya bayan la'asar sai washegari da safe. Kuɗin aike kuma shi zai faɗa, ba a tayi. Wadda ta ga ba za ta iya jira ba ta gaya mini, in mayar mata da kuɗinta a take, ba tare da ɓacin rai ba.