Lambar Ki-67 ba ita ke nuna kansar mama ta bazu ba

Mata da yawa in suka karɓo rizal ɗin biopsi, wato gwajin ɗan naman da ake ɗebowa daga ƙarin mama, suka ga an rubuta Ki-67 40% sai hankali ya tashi, wai kashi 40 na jikinsu kansa ta cinye, wasu ma ɗauka suke saura kwana kaɗan. Ba haka abin yake ba sam.

Ki-67 wani furotin ne da ke bayyana a ƙwayar halitta lokacin da take cikin harkar rabuwa, in tana hutawa ba a ganinsa. To a lab sai su shafa wa ɗan naman da aka ɗebo wani sinadari, su leƙa ta madubin maikroskop, ƙwayoyin da suka koma ruwan ƙasa su ake ƙirgawa cikin ɗari. Saurin girman ƙarin kawai lambar take nunawa, ba inda ya kai ba.

Shi yasa likita ba ya yanke hukunci da ita kaɗai, sai ya haɗa da girman ƙarin, ko ya taɓa kaluluwar hammata, da gired ɗinsa (yadda ƙwayoyinsa suka bambanta da na lafiya), da sakamakon ER, PR da HER2 (gwaje-gwajen da ke nuna irin maganin da ƙarin zai ji), kuma maganar hammatar nan tana da nauyi sosai. Abin da mutane ba su sani ba kuma, ƙari mai saurin rabuwa sau da yawa ya fi jin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, don kemo ƙwayoyi masu rabuwa yake kai wa hari.

Ita kanta lambar takan ɗan bambanta daga wannan lab zuwa wancan. Don Allah kar a bar magani saboda ita, a kai wa likita takardar ya duba gaba ɗaya.