A nuna wa yara motar da ta kafe a duniyar Mars

A birnin Toulouse na Faransa akwai wata cibiyar kimiyya mai suna Cité de l'espace, wadda aka buɗe a 1997. Tun daga nesa za ka hango kwatankwacin rokar Ariane 5 tsaye, tsayinta ya haura mita 50. A 2022 suka ƙara wani fili da aka zuba wa jar ƙasa da duwatsu, inda ake tuƙa kwatankwacin motocin bincike biyu marasa direba a gaban jama'a: Perseverance ta Amurka da Zhurong ta Sin, waɗanda duka suka sauka a duniyar Mars a 2021.

Wasu na cewa irin waɗannan shirye-shirye talla ce kawai, hukumomin sararin samaniya na neman farin jini don kada a taɓa kasafinsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ai a Toulouse ɗin aka ƙera wani ɓangare na SuperCam, na'urar da ke kan Perseverance tana harba haske kan dutse don gane abin da ya ƙunsa, kuma kowa na son a yabi ɗansa. Wannan bai dame ni ba. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya shiga, ya ɗauki hoto kusa da motar, ya fita da tunanin cewa aikin wasu aljanu ne, ba na mutane irinsa ba.

Maganin wannan, a ganina, shi ne a riƙa ba da labarin wahalar.

Ɗauki Spirit, wata motar binciken Mars ta Amurka. Ita da tagwaniyarta Opportunity sun sauka a Janairun 2004, an tsara su yi aikin kwana 90. A 2006 tayar Spirit ta gaba ta dama ta daina juyawa. Babu bakanike, babu mai zuwa da sifana. Sai injiniyoyi suka koma tuƙa ta da baya, tana jan matacciyar tayar a ƙasa kamar garma. A 2007 wannan tayar ta tone ƙasa, sai ga wani farin gari mai yawan silika, alamar cewa an taɓa samun ruwan zafi ko tururi a wurin. Lalacewar ce ta kai su ga abin. A 2009 kuma motar ta kafe a rairayi mai laushi. A cibiyar JPL da ke Kalifoniya, inda ake sarrafa motocin, suka haɗa irin wannan ƙasa a akwati, suka kafe wata motar da gangan, suka yi ta gwada dabarun fita wata da watanni. Ba ta fita ba. A Maris na 2010 aka ji ɗuriyarta ta ƙarshe.

Yaron da aka ba shi ƙaramar mota da kwano cike da yashi, aka ce ya fitar da ita ba tare da ya taɓa ta ba, ya fi ƙaruwa da wanda ya kalli bidiyon sauka sau goma. Sai a ƙara masa sharaɗi: duk umarnin da ya bayar sai ya jira, domin saƙon rediyo daga nan zuwa Mars yakan ɗauki daga minti kusan 4 zuwa sama da 20, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin. A nan zai gane dalilin da ya sa ba a tuƙa su da sitiyari, sai dai a rubuta musu aikin yini guda a aika, kuma ya daina mamakin cewa gudun Perseverance bai kai mita 200 a awa ba.

Ita kuwa Opportunity ta yi shekara 14 da 'yan watanni, ta ci kilomita 45, kafin guguwar ƙura ta 2018 ta rufe rana, faifanta na sola ya kasa cajin batir. Duk mai sola a rufin gida da ya ga yadda wuta ke raguwa in hunturu ya kawo hazo, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Curiosity, wata motar Amurka da ta riga Perseverance zuwa Mars, da ita Perseverance ɗin ba su dogara da rana ba, da zafin sinadarin plutonium suke samun lantarki, amma Curiosity ma duwatsu masu kaifi sun huda tayoyinta na alminiyam tun cikin 2013, abin da ya sa aka sake fasalin na Perseverance aka ƙara musu kauri. Da ni ke shirya baje kolin, hoton waccan tayar mai ramuka zan liƙa a bakin ƙofa, kafin a kai ga rokar.