Manhaja ta kai sakamakon ces, amma sai alƙali ya sa hannu

Duk mai shirya gasar ces (chess, darar Turawa) a Bauchi ya san inda gajiyar take. An tashi zagayen ƙarshe bayan isha'i, 'yan wasa sun watse, alƙali na fama da tulin takardu. Shi ya sa wasu ke cewa a bar manhaja ta riƙa tura sakamako da kanta zuwa FIDE, hukumar ces ta duniya. A rage wahala, na yarda. A cire mutum daga hanya, ban yarda ba.

Yanzu ana yi wa gasa rajista kafin a fara, 'yan wasa biyu su sa hannu a takardar wasansu, alƙali ya shigar a manhaja irin Swiss-Manager, ta fitar da fayil ɗin rahoton gasa da ake kira TRF, jami'in maki na hukumar ces ta ƙasa ya ɗora wa FIDE. FIDE na sabunta jerin maki, wato adadin da ke nuna ƙarfin kowane ɗan wasa, kowane wata.

Ɓarna daga ƙaramin abu take farawa. Wanda abokin karawarsa bai zo ba, alamar + ake sa masa, kuma ba a lissafa wasan a makin FIDE. A sa 1, alamar cin wasa, bisa kuskure, an ba shi makin wasan da bai buga ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 mai maki ƙasa da 2300, da 40 ake ninka lissafin ƙarin makinsa ko raginsa: ya ci wanda makinsu ɗaya ya samu 20, a juya sakamakon ya rasa 20. Tazarar 40 ke nan daga danna maɓalli ɗaya. Ga kuma namu na gida: Muhammad Abubakar nawa ne a Bauchi kaɗai, wani Mohammed, wani Muhammadu? Manhajar da ke bin suna maimakon lambar shaidar da FIDE ke ba kowane ɗan wasa za ta kai makin wani gidan wani.

Abin da ya fi damuna shi ne TRF rubutu ne zalla, kowa na iya buɗewa ya sauya. In kalmar sirri ɗaya ce ke yawo a zauren WhatsApp, wa za a kama?

Saboda haka kowane alƙali ya samu asusunsa, da lambar tabbatarwa a wayarsa. Manhaja ta ajiye wanda ya taɓa sakamako da lokacin da ya taɓa, ta kuma ƙi karɓar ɗan wasan da ba a tantance lambarsa ba. A ɗauki hoton takardun da aka sa wa hannu. A baje sakamakon kwana ɗaya domin mai ƙorafi ya yi magana, sannan babban alƙali ya amince, fayil ya tafi.